Jinyar Inna, da abin da nake gani a Faransa

Yaya, sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladar wannan ɗawainiya. Saƙonki na murya ya same ni cikin bas, ina dawowa daga aikin safe, na saurare shi har sau uku. Kin ce in aiko da maganin tansiyo, wato hawan jini, "na Turai" da gadon nan mai tashi da kansa da kika gani a hoton gidan tsofaffin da nake aiki. Kawu kuma ya ce me zai hana a ɗauko ta ɗungurungum a kawo ta nan. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. In Kawu ya shigo gaisuwa ki karanta masa.

Na duba hoton kwalayen da kika turo, amlodipine na hawan jini da metformine na ciwon suga. Wallahi su ne dai waɗanda tsofaffin da nake kula da su ke haɗiya kowace safiya a nan garin Lil, suna ɗaya, awo ɗaya. Babu wani mai ƙarfi da Turawa suka ɓoye wa kansu. Abin da suka fi mu shi ne nasu ba ya yankewa. Mu kwali ya ƙare, jiki ya ɗan yi daɗi, sai a ce an warke, sai ran da ƙeya ta fara sara a koma nema. Hawan jini ba masassarar damina ba ce da ake sha wa magani kwana uku. Ki ci gaba da saye a farmasi, kwali na gaba ya shigo gida tun na hannu bai ƙare ba, kuma ki rabu da na masu yawo da shi a faranti cikin rana, ko da rabin kuɗi ne.

Dalilin da nasu ba ya yankewa kuwa asusu ne. Tun 1945 suka kafa shi, kuma duk mai albashi ana yankar masa. Ni kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashina ba na ko ganinsa, ya tafi lafiya da fansho da sauransu. Kowa na da ɗan kati kore, katin Vitale. Ganin likitan unguwa euro 30 ne, kusan jika 20 na sefa kenan, amma asusun yana mayar da kashi 70 cikin ɗari, inshorar da mutum ya ƙara da ita ta cike saura, sai euro 2 da ke fita daga aljihunka. Akwai kuma jerin cututtuka kusan 30 da ba sa rabuwa da mutum, irin ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda da gazawar zuciya. Wanda aka rubuta a ciki, maganinsa da awonsa duk asusun ke biya. Hawan jini shi kaɗai an fitar da shi daga jerin tun 2011, su ma suna lissafin aljihu. Na yi murna da na ji an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi a gida tun Satumban 2024, amma ke kin fi ni sanin inda kuɗin mai ciwon suga ke tafiya: ordonans, takardar sayen magani, wata bayan wata, har iyakar rai.

Babban abin da ya ɗaure mini kai farkon zuwana shi ne babu mai jinya a asibiti. Ba tabarma a baranda, ba kwanukan tuwo, ba buta, ba wanda zai ruga farmasi da takarda tsakar dare ya sayo safar hannu da ruwan ƙari. Dangi na zuwa da rana, su zauna awa ɗaya, su tafi. Duk abin da kike yi wa Inna yanzu, wanka, canza zane, kai ta bayan gida, ba ta abinci a baki, a nan sana'a ce mai takarda da albashi, kuma ita nake yi. Kusan shekara guda na yi ina koyonta. Sama da mu akwai anfirmiye, masu karatun shekara uku, su ke allura, wanke ciwo da shirya magani. Wasunsu ba sa zama asibiti, gida-gida suke bi da mota tun asuba, su yi wa wannan insulin, su duba ƙafar wancan. Sai kine, mai motsa gaɓoɓin wanda jikinsa ya shanye.

Ran da aka fara ce mini in yi wa wani tsoho wanka, sa'an Baba, na tsaya bakin ƙofa da tawul a hannu kamar an dasa ni. Matar da ke koya mini ta nuna yadda ake yi: ana rufe jiki duka, a buɗe inda za a wanke kawai, a wanke, a tsane, a rufe, a wuce gaba, ana yi ana gaya masa abin da za a taɓa. Da muka juya shi ta sa yatsa ta bi ƙashin ƙugunsa, kwankwaso, kafaɗa da dunduniya, tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne Baba ya faɗo mini a rai, na fita na shiga banɗaki na yi kuka.

Kin tuna mu nawa ne a barandar asibiti can gida? Mun haura goma. Ana ta dafo abinci daga unguwar Bagalam, ƴan dubiya layi-layi, har mai gadi ya gaji da mu. Amma kwana goma sha wani abu Baba na kwance rigingine a kan leda, ba wanda ya juya shi. Mu ƴaƴa mata kunya ta hana mu ɗaga rigarsa, mazan suna ganin aikin malaman asibiti ne, su kuma mutum biyu ne a kan ɗaki cike, allura kawai suke iya bi. Sai da wari ya fito aka duba, aka tarar da rami a ƙugunsa da dunƙulen hannu zai shiga. Muka ce ciwon ne ya fito ta baya. Yaya, ba ciwon ba ne, kwanciyar ce. Nauyin jiki ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa, naman ya mutu daga ciki, kuma awanni kaɗan sun isa ya fara. Kwana ya ƙare ba makawa, Allah ya jiƙansa da rahama, amma wannan azabar da hannu biyu da filo uku da an kauce mata.

To ga maganar gado. Katifarsa iska ce, inji ke hura ta dare da rana, sashe ya kumbura sashe ya sace. In wuta ta ɗauke na ƴan awanni sai ta lafe, mutum ya koma kan ƙarfe, gara katifar soso sau goma. Kuɗin ɗauko shi zuwa Maradi kuwa zai sayi maganin Inna na shekaru. Kuma ko a nan da gadon yake, ba ya hana mu juya mutum. Akwai takarda a ɗakin kowa, duk wadda ta juya shi ta rubuta lokaci da ɓangare. Ke ki ɗaura abin a kan salla: asuba dama, hantsi baya, azahar hagu, haka har lisha, da sau biyu cikin dare, kada dai ta wuce awa biyu zuwa uku a gefe guda. Filo tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa komai. In kin shimfiɗa leda, ki ɗora zane mai kauri a kai, ya jiƙe a canza. Wani abu da littattafansu ba su koya mini ba, don hotunan duk na farar fata ne: sun ce a nemi inda ya yi ja. Fatarmu ba ta ja. Wurin yakan ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya fi kewayensa zafi ko tauri. In kin ga haka kada ki murza da ƙarfi, ki ɗauke nauyi daga kansa kawai, ki nuna wa majo, babban malamin asibiti.

Wajen ci ma akwai dabara. Wanda jikinsa ya shanye ruwa tsinkakke ya fi ƙware shi, ya bi hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Nan har gari ake sayarwa a farmasi na kaurara ruwa, na yi dariya da na gani, na ce ai kunu ne mara daɗi. Ki zaunar da ita sosai kafin ki ba ta komai, cokali kaɗan-kaɗan, ta ƙara rabin awa a zaune bayan ta gama. Kunun dai kada ya sha suga. Gishiri kuma ƙaramin cokalin shayi guda ne iyakar na yini, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da kanwa, don haka ki ƙara daddawa a tukunyarta. Ƙafafunta a duba kullum har tsakanin yatsu, don mai suga ƙaya na shiga bai ji ba. A bar lalle tukuna, yana ɓoye ciwo. Ban da reza a kan kaushi, ban da taka rairayi mai zafi ba takalmi.

Kada ki ɗauka nan aljanna ce. Da safe mutum goma ko sha biyu ke kaina, kowa in tashe shi, in wanke, in sa masa kaya kafin sha ɗaya da rabi. Wata tsohuwa takan riƙe hannuna tana son ba ni labarin mijinta, ni kuwa idona na kan agogo. Tun da na fara aiki a wurin sau biyu na ga ɗanta. Samun likitan da zai karɓe ka cikin mutanensa wahala ne a garuruwa da yawa, likitan ido sai ka jira watanni, sashen gaggawa kuma ana iya kwana a kan gadon turawa a lungu. A zafin Agustan 2003 mutum kusan 15,000 suka mutu a ƙasar nan, akasari tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗaki, cikin zafin da a Maradi watan Afrilu ba zai hana kowa zuwa kasuwa ba. Tun daga nan aka wajabta wa kowane gidan tsofaffi ɗaki mai sanyi, mu kuma muna yawo da kofi muna lallashin mutane su sha ruwa.

Shi ya sa ki gaya wa Kawu, cikin ladabi, maganar kawo Inna a ajiye ta. Ko an samu biza, wadda ta yi wuya ƙwarai tun 2023, baƙo ba ya cikin asusun nan, komai daga aljihu ne. Gidan tsofaffi irin namu ya haura euro 2,000 a wata, sama da miliyan ɗaya da jika ɗari uku, ya fi abin da nake kamawa. Su kansu mutanen nan wasu tsallaka iyaka suke su kai iyayensu Beljiyam, kamar yadda namu ke bi ta Ɗan Isa su nufi Katsina ko Kano. Kuma ki auna Inna a ɗaki ita kaɗai, ba mai jin Hausa, ba kiran salla, abincin dare ƙarfe shida da rabi, namiji ya shigo ya ce zai yi mata wanka. Ba ta kai wata.

Abin da na haɗa, zai zo ta hannun wata ƴar Zinder da za ta taho ƙarshen wata: na'urar awon tansiyo ta damtse, mai aiki da batir, don ta wuyan hannu tana yawan ƙarya, da man shafawa na kare fata, da safar hannu kwali biyu. Na'urar awon suga ki saya a can gida, wadda tsinkayenta ke samuwa a farmasin Maradi, don kowace da irin nata, in na aiko ta nan suka ƙare ta zama abin wasan yara. Kuɗin na haɗa da na wata. In har an kai ga insulin, kada a sa shi inda zai daskare, in firji ya ƙi a nannaɗe shi a leda a sa cikin ƙaramin tulu a jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa.

Ki sa a sayo kaye, littafin rubutu na ƴan lakwal, a ja layi: rana, tansiyo safe da yamma, suga, maganin da ta sha, lokacin juyi. Babbar ƴarki ta iya rubutu, ki ba ta wannan aikin. A auna tana zaune ta huta minti biyar, in tansiyon ya yi ta wuce 14/9, wato 140/90 a fuskar na'urar, kwanaki a jere a tafi da kayen wurin likita. In kuwa kika ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a nemi mota a nufi asibiti nan take, tofi ya biyo ku a hanya. Ki kuma raba dare da Gwaggo da matar ƙanenmu, don na ji gajiya a muryarki. Ran Juma'a ki ɗauko mini hoton shafin farko. Ki gaishe da Inna, ki ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.