Tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 6: inda take da amfani a gida da inda ba ta da shi

Jar tukunyar nan da ake gani a rataye a gidajen mai da bankuna, ita ce dai ake samu a shagunan kayan gas da na kayan gini. Wadda muke magana a kai ita ce mai hoda, mai rubutun ABC a jiki, mai cin kilo 6. Ra'ayinmu a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta a duk gidan da ake girki da gas ko ake ajiye fetur saboda janareta. Sai dai aikinta na minti ɗayan farko ne kawai, kuma akwai gobarar da ta fi yawa a ɗakin girki, wato ta man girki, wadda ba ita ce maganinta ba.

Abin da ke cikinta gari ne mai laushi, yawanci launin ruwan ƙwai, wanda babban sinadarinsa shi ne monoammonium phosphate, sai iskar naitirojin da aka matse a kansa da ƙarfin kusan bar 14 ko 15 (bar ma'aunin matsin iska ne) don ta turo shi waje. Idan garin ya sauka a kan harshen wuta yana katse ci gaban ƙunar nan take. Idan kuma ya sauka a kan katako ko katifa mai zafi, narkewa yake yi ya lulluɓe wurin, iska ta kasa kaiwa ga garwashin. Harafin A na nufin itace, tufafi, takarda da katifa. B na nufin fetur, kananzir, man dizal da fenti. C na nufin iskar gas. Akwai wata mai kama da ita sak da aka rubuta wa BC kawai, garin cikinta dangin sodar girki (baking soda) ne, tana kashe fetur amma ba ta riƙe garwashi. A gida kada a saye ta, ko da ta fi araha.

Me ya sa kilo 6, ba ƙaramar nan ta kilo 1 da direbobi ke ajiyewa a but saboda jami'an kiyaye haɗurra ba? Lokaci ne dalili. Ƙaramar tana ƙarewa cikin daƙiƙa 6 zuwa 8. Wanda bai taɓa matsa irin wannan abu ba, rabin wannan lokacin zai tafi ne wajen feshin sama da gefe kafin hannunsa ya daidaita. Mai kilo 6 tana ba da kusan daƙiƙa 15, wata ta ɗan fi haka, kuma garin yana kaiwa mita 4 zuwa 5, tana da tiyo da za a iya karkata shi ƙarƙashin tebur ko bayan janareta. Mai kilo 9 ta fi daɗewa, amma nauyinta a cike ya kan haura kilo 13. A yawancin gidaje wanda ke kusa da murhu lokacin da abin zai faru uwargida ce ko 'yar aiki ko yarinya budurwa, kuma tukunyar da ba za su iya ɗagawa da hannu ɗaya ba ado ce kawai. Mai kilo 6 a cike tana tsakanin kilo 9 da 10, ana iya ɗaukarta.

Wurin saye ne ake yawan cutar mutane, don haka a nan za mu ɗan daɗe. Jan fenti mai ƙyalli ba ya nuna komai, domin ana samun tsohuwar tukunya da aka sake wa fenti aka manna mata sabuwar takarda. A juya ta a duba gindinta da wuyanta: shekarar da aka ƙera ta a buge take a jikin ƙarfen, ba a takarda ba. Idan akwai tsatsa a gindi, ko lotsawa, ko alamar walda da ba ta masana'anta ba, a ajiye ta. Abu ne mai matsattsiyar iska a ciki, ruɓaɓɓen gindi yana iya fashewa a hannun mai riƙe da ita.

Sai geji, ɗan agogon da ke wuyanta. Allurarsa ta tsaya a kan kore. Idan ta faɗa ja ta hagu, iskar ta zurare. Amma geji iska kawai yake aunawa, ba ya faɗin yawan garin da ke ciki. Tukunya mai rabin gari da cikakkiyar iska ita ma kore za ta nuna. Maganin wannan sikeli ne. A takardar jikinta akwai nauyinta a cike, a ɗora ta a sikelin mai gas ko na mai sayar da hatsi da ke kusa a gwada. Idan an rubuta kilo 9.5 sikeli ya ce 7, an san inda aka dosa. Mai shagon da ya ƙi a auna ya riga ya ba da amsa.

Abu na uku da ba kowa ke dubawa ba shi ne lambobin ƙarfinta, irin su 21A 113B. Waɗannan daga gwajin ƙa'idar Turai ta EN 3 suke. 21A na nufin ta kashe jeren katako mai tsawon mita 2.1 yana ci, 113B kuma tire mai lita 113 na man gwaji da ruwa. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake tsammani daga mai kilo 6. Masu kyau suna kaiwa 27A 183B ko 34A 233B, bambancin kuwa daga garin yake: a wasu sinadarin kashi 40 ne cikin 100, sauran ciko, a wasu ya kai kashi 90. Idan tukunya biyu nauyinsu ɗaya amma kuɗinsu ya bambanta, a duba waɗannan lambobin kafin a ce mai tsadar cuta ce. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, ba sunan masana'anta, ba umarnin amfani, a bar wa mai shago abinsa. A tabbatar kuma fil ɗin da ke kulle hannun tukunyar yana nan, da ɗan zaren roba da ke riƙe shi bai tsinke ba.

Yadda ake amfani da ita ba shi da wuya, amma sai an koya tun kafin ranar. A tsaya kamar mita 2 zuwa 3 daga wutar, ƙofar fita tana bayan mutum, in a tsakar gida ne kuma iska tana kaɗawa daga bayansa. A zare fil ɗin. A nan mutane da yawa ke maƙalewa: cikin firgici sukan damƙe hannayen tukunyar biyu, na sama da na ƙasa, tun kafin su zare, fil ɗin ya matse ya ƙi fita. A riƙe hannun ƙasa kawai, a murɗa fil ɗin zaren ya tsinke, a ja. Sannan a kama bakin tiyo a saita shi gindin wutar, wato abin da ke ci, ba harshen da ke tashi sama ba. A matsa, a riƙa kaɗa tiyon hagu da dama ana matsawa gaba a hankali. Tukunyar ta kasance a tsaye, domin bututun da ke zuƙo garin daga ƙasanta yake, in aka kwantar da ita iska ce za ta fita ta bar garin. Da wuta ta mutu kada a juya mata baya, katifa da kushin sukan riƙe garwashi a ciki su sake tashi. A fitar da su waje a jiƙa su da ruwa sosai.

A kan fetur ta fi kowane abu da ke cikin gida aiki. Gobarar janareta kusan hanya ɗaya take bi: a zuba mai injin yana aiki ko bai huce ba, ya ɗiga a kan salansa. Ruwa a nan yaɗa wutar yake yi, tunda fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Hoda tana kwantar da irin wannan wuta cikin daƙiƙa kaɗan idan ba ta kai ga jarka ba. Haka a kan soket ko waya da ta kama bayan an kawo wuta da ƙarfi, ko hita da aka manta a bokiti, abin da ya yi yawa a lokacin hunturu. Garin ba ya ɗaukar lantarki, yawancin tukwanen an rubuta musu cewa ana iya fesa su a kan kayan wuta har zuwa bolt 1000 daga nisan mita 1. Duk da haka a kashe babban makunnin gidan in ana iya kaiwa gare shi, don muddin waya tana samun wuta za ta ci gaba da zafi.

Gobarar gas kuwa tana da tarko. Hoda za ta kashe harshen da ke fita daga tsagaggen tiyo ko bakin regileta, amma gas ɗin bai daina fita ba. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya tashi gaba ɗaya. Saboda haka aikin farko shi ne rufe kan silinda, a naɗe hannu da jiƙaƙƙen tawul in da zafi. Da an rufe, wutar za ta mutu da kanta, sai a yi amfani da hodar a kan labule ko kabad ɗin da ya kama. In wuta ta riga ta lulluɓe silindar har ba a iya kusantarta, kowa ya fita ya yi nisa.

Inda wannan tukunya ta gaza shi ne man girki. Kaskon tuyar ƙosai ko kifi da aka bari a wuta, idan man ya wuce zafin digiri 300 da wani abu yakan kama da kansa ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Hoda ba ta sanyaya mai. Za ta ɗauke harshen na ɗan lokaci, man yana nan da zafinsa, ya sake kamawa. Ƙarfin feshin ma yana iya watsa man mai ci a bango da jikin mutum. Ruwa ya fi muni: lita 1 tana komawa tururi kusan lita 1,700 a take, ta ɗebi man ta yi sama da shi har rufi. Abin yi shi ne a kashe murhu, a zura murfin ƙarfe ko faranti a rufe kaskon daga gefe, a bar shi aƙalla minti 30 ba a ɗaga ba, ba a kuma ɗauke shi an nufi waje da shi ba. Bargon kashe wuta, wanda ake saƙawa da zaren gilashi, mai faɗin mita 1 ko 1.2, an yi shi ne don wannan, kuma kuɗinsa bai kai na tukunyar ba. Mu dai ba ma ganin sayen ɗaya ba tare da ɗayan ba. Bargon yana kuma amfani in mayafi ko hijabi ya kama, a kwantar da mutum a lulluɓe shi.

Batirin litiyum na inbata ko na fawa-bank da ya fara hayaƙi shi ma ya fi ƙarfinta, zafin daga cikinsa yake fitowa. Hoda za ta iya kare kayan da ke kewaye, shi kansa ba za ta tsayar da shi ba.

Tana da ɓarna, wannan ba a ɓoye yake ba. A rufaffen ɗaki garin yana turnuƙewa har ba a ganin ƙofa, yana sa tari, mai asma kuma ya fita kafin a fesa. Yana shiga cikin talabijin da kwamfuta, in ya haɗu da laima ya ci ƙarfe. Abincin da ya taɓa sai zubarwa. A share shi a bushe tukuna kafin a goge da ruwa. Mai ɗakin inbata da kayan lantarki masu tsada zai iya ƙara mai iskar CO2 ta kilo 2, wadda ba ta barin datti, amma ba ta maye gurbin mai hoda a kan katifa da katako.

Wurin ajiya: a rataye ta a bango, hannunta kamar mita 1 daga ƙasa, a bakin ƙofar kicin ta waje ko a hanyar fita. Gefen murhu kuskure ne, domin nan ne wutar za ta hana a kai hannu. Sito mai kwaɗo ma kuskure ne. Kada a bar ta a ƙasan siminti inda ruwan wanke-wanke ke bi, kada kuma rana ta riƙa dukanta, yawancinsu iyakarsu digiri 60. Sau ɗaya a wata a kalli geji, a leƙa bakin tiyo, don zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki ya toshe shi. A kifa ta a kasa kunne: in garin lafiya yake za a ji yana zubowa a hankali, in ya dunƙule za a ji shiru ko ya faɗo gaba ɗaya, sai a kai ta wurin masu cikawa. Duk shekara mai gyara ya duba ta, kusan duk shekara 5 a juye garin a sake cikawa. Lokacin juyewar dama ce ta koya wa mutanen gida: a fita fili a bar uwargida da manyan yara kowa ya matsa ya ji ƙarfinta.

Kada a "ɗan gwada" sabuwa a mayar da ita bango. Ko daƙiƙa ɗaya aka matsa, gari ya shiga bakin bawul ɗin, ba zai sake rufuwa da kyau ba, cikin kwana kaɗan iskar ta tsiyaye. Duk wadda aka taɓa sai an sake cika ta.

Iyakarta a fili take. In harshen wuta ya fi tsayin mutum, ko ya kama silin, ko hayaƙi ya sauko har ana sunkuyawa, lokacinta ya wuce. A fitar da kowa, a ja ƙofar ɗakin a rufe, a kira 'yan kwana-kwana. A Najeriya lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a Nijar 18, kuma yana da kyau a rubuta lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a manna a bango gefen tukunyar. Kiran ma wani ya yi shi tun lokacin da ake zare fil, ba sai garin ya ƙare ba.