Kafin ka miƙa tsohon zane, firam ko dutsen tarihi ga mai gyara

A 2012, a garin Borja na ƙasar Sifen, wata dattijuwa ta ga danshi yana cin wani zane a bangon cocinsu, sai ta ɗauko buroshi da fenti da kyakkyawar niyya. Ko da ta gama, fuskar da mai zanen asali, Elías García Martínez, ya zana ta ɓace ƙarƙashin sabon fenti, ba mai iya gane ta. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Wanda ke riƙe da tsohon abu da ya lalace hannu uku ne a gabansa: mai sana'a na kusa (kafinta, mai fenti ko magini), mai shagon firam, sai ƙwararren mai adana kayan tarihi. Na farko ya fi araha da sauri, kuma aikinsa yakan burge a ranar da aka karɓa. Na biyu ya isa idan hoton bugun inji ne, ko gilashi kawai za a sauya. Na uku yana da tsada da jan lokaci, har ya dawo maka da abinka ka ga kamar bai yi komai ba. Tambaya ɗaya ce ke raba su, kuma ita nake so ka yi wa kowa: abin da za ka sa ɗin nan, idan wata rana aka so cire shi, zai fita ba tare da ya tafi da na asali ba?

Manyan gidajen tarihi ma sun taɓa faɗa wa wannan rami. A 2014 gemun abin rufe fuskar zinare na Fir'auna Tutankhamun ya ɓalle a Alƙahira, aka yi gaggawar manna shi da gam mai ƙarfi, irin wanda ba ya narkewa. Sai da ƙwararru daga Jamus da Masar suka shafe makonni suna kankare shi a hankali a 2015, sannan suka mayar da gemun da kakin zuma. Masu wannan aiki sun fi son gam irin Paraloid B-72, domin duk ranar da aka so, asiton, sinadarin da ke goge fentin farce, zai narkar da shi.

A kan zane, yawancin abin da mai shi ke kira datti man ƙyalli ne da aka shafa a sama, wanda ya yi ruwan ɗorawa da tsufa. Ƙwararre zai haska fitila ta musamman da ke nuna inda aka taɓa yin ciko, ya gwada auduga a ɗan lungu ɗaya, sannan ya ci gaba. Inda fenti ya fita, nan kaɗai yake cikewa. Wanda ya ce zai "sabunta" maka zanen duka, yi masa godiya ka ɗauki kayanka.

Firam ne aka fi zalunta, don mutane na ganin katako ne kawai. Tsohon firam mai zinare hawa-hawa ne: katako, sai kwaɓin alli da gam na fatar dabba, sai jan yumɓu, sannan fallen zinare da ko numfashi mai ƙarfi kan tashe shi. Ruwa na narkar da wannan gam, saboda haka jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya ya isa ya share zinaren. Ɗan jan nan da ke leƙowa a gefuna kuwa yumɓun ne, shaidar shekaru, masu sayen tsofaffin kaya suna neman sa. Fentin gwal na gwangwani garin tagulla ne, bayan 'yan shekaru sai ya dushe ya yi duhu, ga shi ya binne na gaske. Idan fure ɗaya ya karye, akan ɗauki zubin ɗan'uwansa na ɗaya gefen a yi sabo. Kada ka yarda a sauya firam ɗin kacokan; wani lokaci ya fi zanen da ke cikinsa daraja.

Dutse kuma abokan gabansa biyu ne, siminti da ƙarfe. Siminti ya fi yawancin tsofaffin duwatsu tauri, yana tare danshi, gishiri ya taru, dutsen da ke gefensa ya riƙa marmashewa. Kwaɓin farar ƙasa ya fi dacewa, don yana barin danshi ya fita, kuma shi ke lalacewa kafin dutsen. A Akropolis, tsofaffin gine-ginen dutse na birnin Atina a ƙasar Girka, gyaran farkon ƙarni na 20 ya ɗaure duwatsun da ƙarfe, tsatsa ta kumbura shi ya tsattsaga su. Aikin da aka fara tsarawa a 1975 ya koma cire ƙarfen ana sa titaniyom, wanda ba ya irin wannan tsatsa. Magina na asali ma da ƙarfen suka yi, amma sun lulluɓe shi da dalma. Wajen wanki, guji injin feshin ruwa mai ƙarfi, feshin yashi, bilic da buroshin waya. Ruwa zalla da buroshi mai laushi sun fi su.

Kafin ka biya, nemi bayanin halin da abin ke ciki a rubuce, hotunan kafin aiki da bayansa, da sunan duk abin da za a shafa. Ƙungiyoyin masu adana kayan tarihi irin su Icon a Birtaniya da AIC a Amurka suna da jerin ƙwararrunsu. Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta ce gyara ya tsaya inda kintace ya fara, don haka wanda zai ƙirƙiro wa gunki hancin da babu ko hotonsa ya wuce gona da iri.

Idan kuɗin bai kai ba, akwai zaɓi na huɗu: a tsayar da lalacewar, kwalliya ta jira. Ka raba abin da rana da bango mai danshi, kuma kada ka manna masa salatif. Fenti in ya fara ɓarewa, kwantar da zanen fuskarsa sama, ka tsince ɓarɓashin ka zuba a ambulan, ka tafi da su wurin ƙwararren tare.