Biyotin ko tukunya, bayan allurar rage ƙiba

Wata uku da fara allurar rage ƙiba, yayata ta je kitso a Ƙofar Marusa, sai ga gashi cike da mataji. Mai kitson ta ce, "Hajiya, kin yi jinya ne?" Lafiyarta lau. Saurin ramar ne: in abinci ya ragu farat ɗaya, jiki kan tura gashi da yawa hutu, bayan wata biyu zuwa uku ya fara zuba. A gwajin Wegovy, ɗaya daga cikin alluran rage ƙiba, kusan mutum 3 cikin 100 sun yi wannan kukan.

Hanya biyu aka nuna mata. Ta farko ƙwayar biyotin, wani nau'in bitamin, da man kai na kemis. Ba wahala, a haɗiya a shafa. Sai dai biyotin ba ya ƙara wa wanda bai rasa shi ba komai, kuma yana iya rikita sakamakon gwajin jini na tayiroid, wato ƙullun nan da ke gaban wuya. Ga tsada.

Ta biyu ita na fi yarda da ita, ko da yake ta fi wuya, don allurar tana kashe sha'awar abinci. Loma uku ta ce ta ƙoshi. Dole loma ukun su zama masu amfani: ƙwai da safe, ɗanwake ko alala, kifi, hanta, kwaɗon zogale, kindirmo ba sukari. Sai a gwada jini a ga ko sinadarin ƙarfe (iron) na jiki ya yi ƙasa, likita kuma ya duba ko za a sassauta saurin ramar.

Ta biyun ta ɗauka, ta kuma daina kitso mai ɗaure goshi. Yanzu ƙananan gashi sun fara tsirowa a gaban kai.