Sharhi: gwajin ido da aka yi min kan hazo da zaren da ke yawo a idona

Yau wata uku kenan da zuwana na farko asibitin ido, na kuma koma sau ɗaya bayan nan, to ina ganin yanzu na isa in faɗi yadda abin ya kasance, don lokacin da nake cikin tashin hankalin nan irin wannan bayanin na yi ta nema daga bakin wanda abin ya sama.

A idon dama ya fara. Ina aiki a kwamfuta, shafin fari fat, sai na ga wani abu kamar guntun zare ya gifta, na ɗauka gashin ido ne ya faɗa ko kwantsa, na cire tabarau na murza na wanke da ruwa, yana nan. In na juya ido hagu sai ya biyo a hankali, in na tsaya shi ba ya tsayawa nan take sai ya ɗan zarce tukuna sannan ya fara sauka ƙasa kamar ƙura a cikin kofin ruwa, in kuma na ce bari in kalle shi da kyau sai ya zille gefe. Bayan kamar kwana biyar sai ga hazo ya shigo, kuma ba hazo ne mai zama wuri ɗaya ba, sharewa yake ya wuce duk sanda na motsa ido da sauri, kamar an shafa maiƙo a gilashin tabarau ana jan shi daga wannan gefe zuwa wancan. Wallahi na goge tabaran nan har na gaji. Shekarata 48, tun ina yaro ba na gani daga nesa, lambar tabarauna -5 ce, ku riƙe wannan don ashe yana da alaƙa.

Wurin da ake yanka min tabarau na fara zuwa. Aka sa ni karanta baƙaƙen jikin allo, na karanta har layin ƙasa, mutumin ya ce Malam idonka lafiya ƙalau, gajiyar kwamfuta ce, ya ba ni maganin ɗigawa irin na bushewar ido. Sati uku ina ɗigawa sau huɗu a rana. Kada in zalunci maganin, ya yi min amfani wajen zafi-zafi da yashi-yashin da nake ji da yamma, da wani dishi-dishi da kan tafi in na ƙifta ido, amma zaren nan da hazon da ke bin motsin ido ko gezau. Abin da ya fi damuna shi ne na yi ta maimaita masa cewa abu ne ke yawo a CIKIN idon, bai ce min je ka a duba bayan ido ba. Sati ukun nan da a ce akwai ɓaraka a ciki da tuni ta yi nisa.

Abin da ya kore ni zuwa asibiti walƙiya ce. Da dare na kashe fitila na juya kai, sai na ga haske ya wulga a gefen idon dama kamar an ɗauki hoto, ba ruwa ba hadari. Ya sake yi sau biyu. Ban yi barcin kirki ba ranar, da safe na kira asibitin ido, da na ambaci walƙiya sai matar da ta ɗauki wayar ta ce in zo yau ɗin kada in bari sai gobe, kuma wannan na yaba musu sosai.

Ga yadda gwajin yake. An fara da allon baƙaƙe, sannan aka auna ƙarfin ruwan ido saboda gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar gani, nawa ya nuna 16 da 17, nas ta ce daga 10 zuwa 21 shi ne daidai. Sai ta ɗiga min tropicamide, maganin da ke buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido don likita ya hango can ciki. Yana da yaji na ƴan daƙiƙu. Aka ce in zauna wajen minti 25, kafin lokacin ya cika rubutun wayata ya narke gaba ɗaya ban iya karanta ko saƙo ɗaya. To nan ne ƙorafina na farko, ba wanda ya gaya min a waya cewa kar in zo da mota, ni kuwa da kaina na tuƙo. Maganin nan yana ɗaukar awa huɗu zuwa shida kafin ya sake ka, hasken waje kamar a soka maka allura, dole na kira ƙanena ya zo ya ɗauke ni. Don Allah duk mai zuwa ya tafi da wanda zai dawo da shi da kuma baƙin tabarau.

Likitar ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura mai siririn haske, ta riƙe ɗan gilashi a gaban idona, kalli sama, kalli sama ta dama, kalli ƙasa, haka har ta zagaye ko'ina. Sannan ta kwantar da kujerar ta ɗaura fitila a goshinta, ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kai a dunƙule tana danna fatar idona ta waje a hankali don gefen can na retina, wato shimfiɗar bayan ido, ya turo ta gan shi, wai yawancin yagewa a can gefe take ɓuya. Ba zan ɓoye ba, wannan ɓangaren ba daɗi, hawaye na ta zuba, ba zafi ne can ba amma akwai takura, sai da na damƙe hannun kujera. Minti biyar ya wuce. Daga nan aka yi min hoton OCT, wato hoton bayan ido da na'ura ke ɗauka, shi kam kallon wani ɗigon haske kawai za ka yi, ba abin da ke taɓa ka.

Bayanin da ta yi min shi ne abin da ya fi komai daraja a wannan zuwan. Ta ɗauko ƙwallon ido na roba da ke kan teburinta ta buɗe shi biyu. Ta ce cikin ido cike yake da wani abu mai kauri kamar farin ƙwai ɗanye, ana ce masa vitreous, shi ya cika kusan kashi 80 cikin ɗari na ido, kuma kusan kashi 99 na jikinsa ruwa ne, sauran ƴan siraran zaruruwa ne na kolajin da ke riƙe shi. In shekaru suka ja sai ya fara tsinkewa yana zama ruwa-ruwa, zaruruwan su dunƙule, haske in ya shigo sai inuwarsu ta faɗa kan retina, wato shimfiɗar bayan ido mai ɗaukar hoto. Inuwar ce nake gani. Shi ya sa suke bin motsin ido suna zarcewa, don a cikin ruwa suke iyo, shi ya sa kuma suka fi fitowa a farin bango ko sararin sama. Nawa har ya kai matakin da abin ya saki bangon bayan ido ya janyo gaba, wanda yawanci bayan shekara 50 yake faruwa amma masu irin tabarauna yana riskarsu da wuri saboda idonmu ya fi tsawo. Hazon da ke sharewa ɓangaren baya ne na wannan abin da ya saki yake lilo a gaban inda nake gani, walƙiyar kuma lokacin da yake jan retina ne kafin ya rabu da ita. Har ta nuna min cewa wani zagayayyen da nake gani kamar zobe yana da suna, zoben Weiss, daga inda abin ya ɓalle a bakin jijiyar ido yake fitowa.

Na ce Likita to maganin ɗigawar fa? Ta ce a saman ido yake aikinsa, ba ya kaiwa can ciki ya narkar da komai, in ci gaba da shi saboda bushewa amma kar in sa rai zai taɓa zaren.

Retina ɗina ba ta yage ba, Alhamdulillah. Amma ta gaya min cewa cikin masu zuwa da irin wannan farat ɗaya, zare da walƙiya, wajen mutum ɗaya cikin goma ko ma fiye ana samun yagewa, kuma in an kama da wuri da leza ake ɗinke kewayen wurin a zaune a kujera, in aka bari ruwa ya shiga ƙarƙashi retina ta ɗago to sai babbar tiyata, ganin ma ba lallai ya dawo yadda yake ba. Ta ce in na ga ɗige-ɗige sun ƙaru lokaci guda kamar an watsa toka, ko walƙiyar ta yawaita, ko wani duhu kamar labule ya fara rufowa daga gefe, in taho a ranar ko da dare ne. Ta tambaye ni ciwon suga ma, don masu suga jini kan iya zuba a cikin ido ya ba da irin wannan hazon, haka kumburin cikin ido, shi ya sa ba a zama a gida a yanke wa kai hukunci.

Na matsa mata kan yadda za a cire min su gaba ɗaya, don lokacin ni dai so nake in rabu da su. Ba ta ruɗe ni ba. Akwai leza ta YAG da ake farfasa manya da ita, ta fi dacewa da wanda yake guda ɗaya babba kuma nesa da retina, ba kowa take wa aiki ba. Akwai kuma tiyatar da ake zuƙe abin duka a maye da ruwan gishiri, ita tana kawar da su amma sau da yawa yanar ido na biyo baya, ga haɗarin retina ta ɗago. Ta ce ga idon da ke gani garau ba za ta ba ni shawarar ko ɗaya ba yanzu, in ba shi watanni. Gaskiya a lokacin raina bai so ba, na fito ina jin kamar ba a yi min komai ba. Daga baya na gane wanda ya hana ka aikin da zai iya karɓar kuɗinsa don ba ka buƙata, ya kyauta maka.

Ƙorafi na biyu jira ne, na kusa awa biyu kafin a kira ni duk da su suka ce in zo da gaggawa, kuma ba su ba ni komai a rubuce ba, duk bayanin nan sai da na sa ƙanena ya rubuta a wayarsa a mota ina faɗa masa kafin in manta. Mutumin da idonsa ke buɗe da magani hankalinsa a tashe ba zai riƙe rabin abin da aka gaya masa ba, ya kamata su gyara wannan.

Na koma bayan sati shida kamar yadda ta ce, aka sake ɗiga maganin aka sake dubawa, ba yagewa. Walƙiyar ta daina tun wajen sati na huɗu. Zaren yana nan, zoben ma yana nan, ba zan ce muku sun tafi ba, sai dai sun ɗan sauka ƙasa kuma sai in yi rabin yini ban tuna da su ba, hazon ne dai har yanzu yakan share in ina karatu a farin shafi, na mayar da kwamfuta da waya baƙin shafi ya ragu sosai. In maki zan ba su, huɗu cikin biyar, ɗayan na cire shi saboda maganar mota da jiran nan. Ta ce idon hagu ma zai iya yin nasa nan gaba, in ya fara kar in ce ai na san abin, in zo a duba shi shi ma.