Jirgi na gaske ko zauren nuni: wane gidan tarihin teku ya dace da kuɗinka?

Gidajen tarihin harkar teku iri biyu ne, kuma gara ka san wanda kake nema tun kafin ka yanki tikiti. Akwai wanda jirgin ruwa guda na gaske shi ne jigonsa, sauran kayan nuni 'yan rakiya ne. Akwai kuma wanda zaure ne bayan zaure, cike da taswirori da kamfas da zane-zane da ƙananan kwaikwayon jirage a cikin gilashi. Wanda ke da yini guda kacal, ko yake tafe da yara, ni dai jirgin gaske zan ce ya nufa. Zauren nuni na mai haƙurin tsayawa ya karanta ne.

A rukunin farko da wuya a samu kamar gidan Vasa da ke Stockholm a ƙasar Suwidin. Jirgin yaƙi ne da ya nutse ranar 10 ga Agusta, 1628, a tafiyarsa ta farko, ko kilomita ɗaya da rabi bai yi ba. Samansa ya yi nauyi, iska ta karkata shi, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa da aka bari a buɗe. Sai a 1961 aka tsamo shi, bayan shekara 333 a ƙarƙashin ruwa, kuma kusan duk katakon da za ka gani na asali ne. Dubi murafun tagogin nan da kyau: an sassaƙa fuskar zaki a jikinsu, don idan aka ɗaga su abokin gaba ya yi ido biyu da zaki da bakin igwa a lokaci guda. Sai dai ba a hawa Vasa. Zagaya shi ake yi daga bene zuwa bene, cikin haske kaɗan da ɗan sanyi da aka tanada don kada katakon ya lalace, saboda haka ka riƙe rigar sanyi ko da ana zafi a waje. Awa biyu ta ishi yawancin mutane.

In kuwa burinka ka taka jirgi da ƙafarka, tsohuwar tashar sojan ruwa ta Portsmouth a kudancin Ingila ta fi. Can HMS Victory yake, jirgin da aka harbi Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Birtaniya, a kansa a yaƙin Trafalgar a 1805, har an kafa ɗan allon tagulla daidai inda ya faɗi. Amma hawa jirgin yaƙi na wancan zamani ba wasa ba ne. Matakalarsa a tsaye take kamar tsani, rufin benayen ƙasa kuma gajere ne, dogon mutum a sunkuye zai yi ta tafiya. Mai ciwon gwiwa, ko mai keken jariri, ko mai keken guragu, zai fi jin daɗin gidan Mary Rose da ke gefensa, wanda ginin zamani ne. Shi Mary Rose a 1545 ya nutse, aka ɗago abin da ya rage na jikinsa a 1982, tare da dubban kayan mutanen da ke ciki, irin su matajin kai da takalman fata da kwanukan katako. Ka kuma sani ana yi wa Victory babban gyara na shekaru, don haka kada ka sa ran ganinsa yadda yake a tsofaffin hotuna.

A rukuni na biyu, babban gidan tarihin teku na Greenwich a Landan, wanda aka buɗe a 1937, yana da abin da ya fi sauran: shiga manyan zaurukansa kyauta ce. Rigar da Nelson ya sa ranar da aka harbe shi tana can, da hudar harsashi a kafaɗar hagu. Wato rigar tana Landan, jirgin yana Portsmouth, mai son labarin ya cika sai ya je duka biyun. Abin da ake biya a Greenwich shi ne jirgin Cutty Sark na 1869, mai jigilar ganyen shayi daga Sin, wanda aka ɗaga sama har mutum yana ratsawa ta ƙarƙashinsa, da kuma gidan duban taurari a kan tudu, inda agogunan John Harrison suke, waɗanda suka sa matuƙa suka iya gane nisan gabas da yamma a tsakiyar teku. Ana sayar da tikitin da ya haɗa biyun, kuma ya fi sayensu ɗai-ɗai sauƙi, muddin kana da ƙarfin hawa tudun bayan ka gama yawon jirgi.

A wajen tikitin haɗaka ne mutane suka fi asara. Yana da daɗin ji a ce kuɗi ɗaya ya buɗe maka ƙofa biyar, amma ƙafa ba ta san haka ba. Babban tikitin Portsmouth, alal misali, shekara guda yake aiki. Ga wanda zai iya dawowa garaɓasa ce, ga baƙon da zai wuce washegari kuwa biyan kuɗin abin da ba zai gani ba ne. Ƙirga awa ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane jirgi, ka ga nawa yininka zai ɗauka, sannan ka kwatanta farashi. Saye ta intanet yakan rage tsayuwar layi, wasu wuraren ma lokacin shiga suke ƙayyadewa a jikin tikitin, in ka makara sai yadda suka yi da kai.

Suna ma yakan ruɗi mutum. Gidan Titanic na Belfast, wanda aka buɗe a 2012, a filin da aka ƙera jirgin yake, amma labari ne da hotuna da na'urori, shi jirgin yana ƙasan Tekun Atlantika tun 1912. Jirgin da ke tsaye a gaban gidan tarihin teku na Amsterdam kuma kwaikwayo ne na wani da ya lalace a 1749. Ba aibi ba ne, yara ma sun fi sakewa a irinsa don ana barinsu su hau su taɓa, amma ka san abin da kake saye.

Kafin ka kama ɗakin kwana ko tikitin mota, buɗe shafin gidan tarihin da kansa ka duba ko yana aiki. An rufe gidan jiragen Viking (tsofaffin mayaƙan teku na arewacin Turai) na Oslo a 2021 don sake gini, gidan tarihin teku na Liverpool ma an rufe shi a farkon 2025 don gyara, kuma gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin. Tambayi ko akwai ɗan jagora mai zagayawa da baƙi, domin a kan jirgi ya fi na'urar saurare amfani: shi za ka tsayar ka tambaya me wannan igiyar take yi. Takalmi mara santsi, ƙaramar jaka, domin babba ba ta wucewa a lungunan jirgi, wasu gidajen ma a ƙofa za a tsayar da kai da ita.