Sharhi: firam ɗin keke na rangwame, bayan an harhaɗa shi ya sha titunan Sakkwato

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya mayar da mutane da yawa a Sakkwato kan keke. Masu sayar da kekunan gwanjo su ma suka farga cewa ƙarafunan da ke jingine a bayan shago kuɗi ne. A cikinsu akwai firam tsura, ba taya, ba sarƙa, wani ma ko fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, babu, ana sakinsa da rangwamen da ke sa mutum ya ɗauka idan ya tsinto sauran kayan ɗaya bayan ɗaya zai tashi da keke a rabin kuɗi. Wanda nake magana a kansa na ƙarfe ne, ɗan gwanjo, irin na kekunan da aka ƙera don hanyar duwatsu, mai ɗaukar taya inci 26. An harhaɗa shi don zuwa aiki da kasuwa, ya ga ƙurar hunturu, ya ga zafin bazara, ya ga damina. Firam ɗin ya yi abin da ake so. Rangwamen ne bai kai yadda ake zato ba, kuma dalilin yana cikin awo.

Ba a rage wa firam kuɗi haka kawai. Idan fenti ne ya koɗe ko ya kankare, ka ci riba, don fenti ba ya ɗaukar kaya. Idan girmansa ne ya hana shi fita, ya yi wa yawancin mutane tsawo ko gajarta, kai kuma ya zo maka daidai, nan ma riba ce. Amma akwai wanda aka rage wa kuɗi saboda awonsa na da ne, babu kayansa a kasuwa, akwai kuma wanda ya taɓa yin karo. Mai shago ba lallai ya faɗa maka ba, sau da yawa shi ma bai sani ba, a dila ɗaya ya saye su. Don haka a je da maganaɗisu, da tef na awo, da zare mai ƙarfi kamar mita 3, in da hali a ari ma'aunin kauri wurin bakanike.

Maganaɗisu shi ne farko. Idan ya kama, ƙarfe ne. Idan bai kama ba, galibi alminiyam ne. A garin nan ƙarfe na fi so, ko da ya fi nauyi da kusan kilo ɗaya. Ƙarfe idan ya ɗan lanƙwashe ana miƙe shi, idan ya tsage mai walda zai iya ɗinke shi. Alminiyam sai an sami mai waldarsa na musamman, kuma wurin da aka ƙona yana yin laushi, ya sake tsagewa kusa da ɗinkin. Idan an ga tambarin 4130 ko Cr-Mo a jikin bututun sirdi, ko sunan Tange ko Reynolds, ƙarfe ne mai kyau, marar nauyi. Sai dai tambari takarda ce, kowa na iya mannawa. A ɗaga firam ɗin a ji. Na kirki tsurarsa yana kaiwa kilo 2 zuwa 2 da rabi, na ƙarfen gama-gari ya kan kai 3 ko ya wuce.

Alamar karo tana ɓuya ne a ƙasan bututun nan biyu da suka haɗu da wuyan keke. A shafa da yatsa ta ƙasa, ɗan nesa kaɗan da walda. Idan an ji tudu ko tamoji, ko an ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa dukan wani abu da gaba. A bar shi, ko kyauta ne. Fok ɗin irin wannan keken ya kan karkata baya: idan aka dube shi ta gefe, saman ƙafafunsa ya kamata ya bi layi ɗaya da wuya. Sai gwajin zare. A ɗaura shi a kunnen baya na dama, inda aksil, wato sandar da wili ke juyawa a kai, ke zama, a zagayo da shi ta gaban wuya, a ɗaure a kunnen hagu, a ja ya miƙe. A auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin milimita 2 ko 3 ba komai. Idan ya wuce haka, keken zai riƙa tafiya a karkace, tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, ba za ka iya sakin hannu ɗaya cikin natsuwa ba.

Tsatsa ba matsalar Sakkwato ba ce sosai, iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara. Amma waɗannan firam ɗin daga ƙasashen ruwa da sanyi suka fito, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma tsatsarsu daga ciki take ci. A girgiza firam kusa da kunne. Idan ana jin ɓarɓashi na yawo a ciki, a haska tocila cikin gidan feda. A kuma duba ƙafafun baya na ƙasa, dab da gidan feda, inda ake ɗaure abin jingine keke, don yawan matse noti yana lotsa bututun a wurin. Sabon fenti a kan tsohon firam ba ya burge ni, ya fi ɓoye walda da tsaga. Lambar firam tana ƙarƙashin gidan feda. Wadda aka goge da magagari ko aka cike da fenti mai kauri tana nufin wani na neman kekensa. A karɓi rasit.

Idan sandar sirdi na jiki, a kwance notinta a murɗa ta a gaban mai shago. Sandar alminiyam da ta shekara da shekaru cikin bututun ƙarfe ba giris tana mannewa, har ta zama sai an yanka ta da zarto daga ciki. Wannan aikin yini guda ne, wani lokaci kuma bututun ne ke tafiya. Idan babu sandar, a auna cikin bututun da kyau, domin kaurinta iri-iri ne: 25.4, 26.8, 27.2 da wasu da dama, duk a milimita. Wadda ta gaza da rabin milimita ma za ta riƙa zamewa, mai keke ya yi ta matse noti har bakin bututun ya tsuke ko ya tsage.

A gidan feda ne rangwame ya fi komawa asara. Wanda ake so shi ne mai zaren noti irin na Ingila, faɗinsa milimita 68 ko 73. Shi ne kayansa suka cika kasuwa, kuma ɓangarensa na dama, wato gefen sarƙa, zarensa na hagu ne: ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran notuna. Yara masu koyon gyara sun kashe firam da yawa a nan, suna ta bugun sifana da guduma ta hanyar da ba ita ba. Faɗin milimita 70 a keken tsere alamar zaren Italiya ce, tsofaffin kekunan Faransa kuma da nasu zaren, haka tsohon Raleigh na Nottingham, wanda zarensa 26 ne a kowane inci maimakon 24. Kofin Ingila zai iya fara shiga na Faransa ko na Raleigh, zagaye ɗaya ko biyu, sannan ya cije. Idan aka tilasta shi ya cinye zaren. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nemi kofin gidan feda na yau da kullum a wurin mai gyara, a murɗa shi da hannu kawai ta kowane gefe. Idan ya shige har ƙarshe ba sifana, an tsira.

Tazarar kunnuwan baya ita ke yanke irin wilin da zai shiga: milimita 135 a irin wannan firam, 130 ko 126 a kekunan tsere, 120 a waɗanda suka fi tsufa. Gaba kusan kullum 100 ne. Ƙarfe ana iya buɗa shi milimita 4 ko 5, alminiyam kuwa a'a. Wuya ma iri biyu ne a kasuwarmu, mai inci 1 da zare, da mai inci 1 da ɗaya bisa takwas. Nan ne nake cewa kar a sayi firam marar fok. Neman fok mai kaurin da ya dace, mai tsawon da ya kai wuyan, mai maƙalar birki a daidai wurin, ya fi neman firam ɗin kansa wahala, kuma kuɗinsa kaɗai zai iya lashe rangwamen. Fok mai sifirin na kekunan araha ma ban ga amfaninsa ba: nauyi ne kawai, ƙura na shiga ta daskarar da shi, daga baya ya fara kaɗawa.

Kar a yarda da kalmar “inci 26” ita kaɗai. A jikin taya akwai wata lamba, misali 47-559, kuma ta ƙarshen ce gaskiyar faɗin wili. Na wannan firam 559 ne. Kekunan Japan masu kwando da suka cika gari su ma ana ce wa da yawansu 26, amma nasu 590 ne, taya ɗaya ba ta hawa ɗaya. Haka manyan kekunan da, irin su Phoenix, nasu 635 ne, na kekunan tsere na zamani kuma 622, duk ana kiransu 28. Idan wili bai dace da firam ba, robar birki ba za ta sami bakin wili ba, sai ta kama taya ko ta faɗa cikin wayoyi. Tayar 559 ba ta wuyar samu a wurin masu kayan keke, wannan na cikin abin da ya sa na zaɓi irin firam ɗin.

Wajen harhaɗawa, Sakkwato ba ta buƙatar giya 21. In ban da ɗan hawan da ake yi idan an taso daga fadamar Rima, kamar mai dawowa daga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta hanyar Dundaye, garin shimfiɗe yake. Faranti ɗaya a gaba mai haƙora 42 ko 44 ya isa. Idan kunnuwan baya masu dogon tsagi ne a kwance, ana iya yin giya ɗaya tak, 44 a gaba da 18 a baya, kowane zagayen feda ya ba ka kusan mita 5, a ja wili baya a ɗame sarƙa ta rage wasan kamar santimita ɗaya. Idan tsagin gajere ne yana kallon ƙasa, babu yadda za a ɗame sarƙa sai da abin canja giya, to sai a sa giya 6 ko 7 a baya da abin canja giya na Shimano Tourney. Sarƙar ba ɗaya ba ce: mai giya ɗaya ta fi faɗi, ba ta shiga tsakanin haƙoran giya 7.

Ga wanda zai yi amfani da ƙwallayen boris a sake, lissafin shi ne 9 a kowane gefen hob ɗin baya, wato cibiyar wili, masu rubu'in inci, 10 a kowane gefen na gaba masu 3/16 na inci, 11 a kowane gefen gidan feda masu rubu'in inci. A wanke kofuna da kananzir, a cika giris, a ɗaure har wasa ya ɓace amma aksil na juyawa da yatsu. A gidan feda dai na fi son rufaffen boris irin na Shimano, domin ƙura ba ta samun hanya. A tabbatar tsawon sandarsa ya dace da farantin, milimita 113, 118 ko 122, in ba haka ba faranti zai goge firam ko sarƙa ta riƙa tafiya a karkace. Fedar hagu ita ma zaren hagu gare ta. Birki mai siffar V yana son hannun birkinsa na kansa mai jan waya da yawa. Idan aka haɗa shi da hannun tsohon birki, zai lafe har jikin kan keke kafin roba ta kama da kyau.

A kan hanya firam ɗin ya gamsar. Da taya mai faɗin inci 1.75 zuwa 2, yana shanye rami da tsakuwa, kuma a lungunan Mabera da Arkilla inda yashi ke taruwa ba ya nitsewa kamar siririyar taya. Ƙafafunsa na baya dogaye ne, don haka diddige ba ya taɓa kayan da aka rataya. Yana da ramukan noti na milimita 5 kusa da aksil, inda kariya, wato mazaunin kaya na bayan keke, ke zama daram. A duba su tun a shago, don kariyar da aka maƙala a sandar sirdi kaɗai ba ta jure buhu ko jarka. Da kariya da komai ya kai wajen kilo 15, ana jin haka idan za a tsallaka da shi dokin ƙofa, a tafiya kuwa ba a ji. Inda ya gaza shi ne sandar sama: mai doguwar riga sai ya tattare ta kafin ya hau. Ga mai kaftani kullum, firam mai sanda a ƙasa ya fi, kuma ko wanne ne a sa wa sarƙa murfi, don faranti ba ya raga wa bakin wando. Idan ka tsaya a kan firam ƙafa biyu a ƙasa, a sami tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninka da sandar.

Abin da ya fi cin kaya a nan ƙura ce da ƙaya. Baƙin man inji a sarƙa lokacin hunturu yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙa da haƙora tare. A ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya, a goge na waje da tsumma tas. Cikakkun gaɓoɓi 12 na sabuwar sarƙa, kowacce ta ciki da ta waje a haɗe, inci 12 ne cif. Idan sun ƙaru da milimita ɗaya da rabi, a canja ta kafin ta ɓata faranti. Tsidau kuwa bayan damina yana huda taya mai sirara a kullum. A yanke gefunan tsohuwar taya da ta suɗe, a shimfiɗa tsakiyarta tsakanin taya da tif, yawan faci zai ragu ƙwarai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kar a ɗura iska har iyakar da aka rubuta a jikin taya sannan a bar keke a rana. Tsohon faci ne ke fara saki. Notin wuya mai zare shi ma yana sassautawa a hanya marar kwalta, ana gane shi idan aka kama birkin gaba aka tura keke gaba da baya aka ji ƙwas-ƙwas, sai a ɗaure da sifana mai milimita 32 idan wuyan mai inci 1 ne.

Maganar kuɗi kuwa, idan wili biyu, taya, tif, faranti, feda, sarƙa, birki, kai da sirdi duk sababbi za a saya, jimillar takan zarce kuɗin cikakken keken gwanjo mai lafiya, kuma sababbin kayan araha ba su kai ingancin tsofaffin da ke zuwa a jikin gwanjon ba. Inda firam na rangwame ke biya shi ne ga mai keken da firam ɗinsa ya karye ko bai yi masa daidai ba alhali sauran kayan na da kyau, ko wanda ya sami mataccen keke mai wili 559 da zai kwashe. A wannan yanayin sababbin da za a saya su ne sarƙa, wayoyin birki da rigarsu, robar birki, ƙwallayen boris da tif biyu. A je shagon da wilin baya da sandar sirdin tsohon keken, a gwada su a jikin firam ɗin kafin a fara ciniki.