Ɗaura bajon kulob a gaban tsohuwar Marsandi: matsewa a jikin raga ko sanda daban?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ita ce kana da Marsandi W123, irin wadda aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, ka samu bajon kulob na masu motoci guda uku ba tare da maɗauransu ba. Biyu suna da ƙafafu masu tiredi a baya, na ukun kuma tsohon bajon Ingila ne mai harshe a ƙasansa, harshen kuma da huda biyu. Kana so ka haɗa maɗauran da kanka, shi ne kake tambaya ko a matse su a jikin ragar gaba, ko a yi musu ƙarfe daban. Duka hanyoyin biyu suna aiki, amma ba bajo iri ɗaya suke karɓa ba, kuma ba wuri ɗaya suke ba da matsala ba.

Kafin komai, kada injin huda ya taɓa ragar. Cikinta filastik ne da aka yi wa ado da siraran ƙarafa masu sheƙi, kuma filastik ɗin da ya shekara arba'in yana shan rana ya riga ya bushe. Huda ɗaya ta isa ta fara tsaga.

Hanya ta farko ita ce matsewa. Bajo a gaba, ɗan faranti a baya, raga a tsakiya. Farantin na alminiyom ne mai kaurin milimita 2 zuwa 3, faɗin milimita 20 zuwa 25, tsawonsa kuma ya haye aƙalla sanduna biyu na ragar, uku ya fi, domin nauyin ya rabu. Ka danna ƙafafun bajon a kan kwali su bar shaida, da wannan kwalin za ka sa alamar huda, ba da awon ido ba. In tiredin M4 ne, wato ƙafa mai kaurin milimita 4, huda ta zama milimita 4.5. In M5 ne, 5.5. Ka goge bakin farantin da magagari har kaifin ya tafi. Sannan ka yanko roba biyu daga tsohon tiyub ɗin taya, ɗaya tsakanin bajo da raga, ɗaya tsakanin raga da faranti.

Abin da akasari ake mantawa shi ne tokara. In ka ɗaure noti babu komai a tsakani, duk ƙarfin ɗaurin a kan filastik yake sauka, sandunan su lanƙwashe, bayan 'yan watanni su tsage. Maganinsa guntun bututun alminiyom da za ka zura a kan kowace ƙafa, tsawonsa daidai da zurfin ragar haɗe da robar biyu, a rage kamar rabin milimita. Da haka noti zai tsaya a kan bututu, roba ta ɗan danne, raga ta samu riƙo ba tare da an shaƙe ta ba. Guntun tiyon fetur ma yana yi in babu bututu, sai dai yana saki da zafi, dole a riƙa dubawa.

Noti ya zama mai zoben nailan a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. Sifana lamba 7 ce ta M4, lamba 8 ta M5. Ka ɗaure da yatsu biyu a kan sifanar, da bajon ya daina juyawa ka ƙara kwatan zagaye ka tsaya. Ƙafafun nan galibi manna su aka yi a bayan tagulla, ba su da ƙarfin da ake zato. Launin fuskar bajon kuma gilashi ne da aka gasa a kan ƙarfe, irin na kwanon langa, da tagullar ta ɗan lanƙwasa sai ya ɓare, kuma fenti ba ya mayar da shi. Kada ka sa ruwan kulle tiredi a nan, domin in ya ɗiga a kan wasu nau'o'in filastik yana sa su tsattsage.

Sai ka lura da tiredin kansa. Bajon Jamus da sauran ƙasashen Turai yawanci awon milimita ne, amma tsofaffin na Ingila sau da yawa 2BA ne, mai kaurin milimita 4.7. Notin M5 yana hawa kansa kamar nasa ne, ya yi sako-sako, ranar da ka matsa ya cinye tiredin. In ka ji noti yana rawa a kan ƙafa, ka dakata ka nemo nasa.

A wannan motar akwai abubuwa biyu na musamman. Ragar tana haɗe da bonet, tare suke tashi, saboda haka notin yana bayan bonet a kulle, ɓarawo ba ya kai hannu gare shi cikin sauƙi. Wannan riba ce. Amma kuma duk lokacin da aka buga bonet, bajon yana shan bugun, shi ya sa nauyi bai dace da wurin ba. Sannan ɗan harshen da ake ja a buɗe bonet ta cikin ragar yake leƙowa, kada bajo ko faranti ya tare shi. A baya kuma ka bar tazarar aƙalla milimita 20 tsakanin ƙarshen ƙafa da duk abin da ke gaban lagireto, ko kwandensar na'urar sanyi ce ko fankar lantarki. Dabarar aunawa: manna ɗan curin laka a kan ƙafar, rufe bonet a hankali, buɗe ka ga ko ta taɓa.

Hanya ta biyu ita ce sanda. A Ingila, inda al'adar ta yi ƙarfi da ƙungiyoyin masu motoci irin su RAC da aka kafa a 1897 da AA da aka kafa a 1905, sanda ake gicciyewa a saman bamba a jera bajo a kai, kuma domin ita aka yi harshen da ke ƙasan bajonka na uku. Kaurin da aka fi sabawa da shi milimita 19 ne, wato kashi uku cikin huɗu na inci. Bututun sitenles mai tsawon santimita 45 zuwa 50 ya ishi bajo uku har da sarari. Ƙafafu biyu za ka yi masa daga fallen ƙarfe mai faɗin milimita 25 da kaurin 3 ko 4, ka kama su a notin da ya riga ya kasance a jikin bamba ko a mazaunin lambar mota. Kowane bajo kuma a riƙe shi da maƙali mai zagaye bututun, da roba a ciki don kada ya kifa.

Matsalar sanda girgiza ce. Ƙafa mai tsawo tana kaɗawa a kan hanya mai gargada har ta karye, kuma a wurin lanƙwasa take karyewa ko a bakin huda. Don haka kada tsayin ƙafa ya wuce santimita 10 zuwa 12, lanƙwasar ta zama mai ɗan zagaye, a naɗe ta a jikin rodi maimakon a buge ta da guduma a kan kaifi, huda kuma ta nisanci lanƙwasa da baki da kamar ninki biyu na faɗinta. In za a yi walda, a cire ƙarfen daga mota tukuna, tartsatsi yana ɓata sheƙin bamba har abada. Baƙin ƙarfe yana buƙatar fentin hana tsatsa kafin na sama, in ba haka ba damina ɗaya za ka ga jan ruwa yana gangarowa. Sukurun sitenles da notinsa kuma a shafa musu ɗan giris, domin a bushe suna iya cijewa su ƙi gaba su ƙi baya. Kafin ka ɗaure na ƙarshe, buɗe bonet a hankali ka tabbata ƙasan ragar bai goga bajo ba, kuma babu abin da ya rufe lamba ko fitila.

Batun iska ma ya raba su. Zagayayyen bajo mai faɗin santimita 8 yana toshe kusan murabba'in santimita 50. Ɗaya ko biyu a gefen raga ba su cika yin tasiri ba. Biyar a tsakiya sun zama 250, kuma a zafin watan Afrilu, cikin cunkoso, da na'urar sanyi a kunne, lagireton da ya tsufa zai nuna maka a allurar zafi. Sanda da ke gaba da raga da 'yan santimita tana barin iska ta zagaya.

Wayar ɗauri, igiyar filastik da gam mai fuska biyu kuwa, na ranar baje kolin motoci ne kawai. Waya tana yanka ado, rana tana cinye igiya, zafi yana sakin gam.

Ga motarka, biyun nan masu ƙafa su hau raga ta hanyar matsewa, ɗaya dama ɗaya hagu, can ƙasa, in dai kowanne bai kai nauyin da za ka ji ragar tana lanƙwasa ba idan ka ɗan ja shi. Na Ingilan kada ka tilasta shi a raga, harshensa zai bar shi yana lilo. Ka yi masa gajeriyar ƙafa guda daga bamba. In kana da niyyar ƙara wasu nan gaba, ka yi sandar tun yanzu ka mayar da su can. Bayan tafiyar mako guda ka sake bin kowane noti da sifana, domin roba tana kwanciya.